Maginin da Ba Ya Toshe wa Ɗaki Hanci

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, babu mai kauce wa wannan hanya. Kawuna, wan mahaifiyata, magini tun kafin a haife ni, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a ƙauyenmu na gefen Mayahi, ana cikin kwasar gero daga gona. Kwana tara ya yi a kwance. Ko a cikin kwanakin nan bai bar halinsa ba, don sai da ya yi wa masu zuwa dubiya faɗa, ya ce su shigo ko su fita, amma kada su tsaya a bakin ƙofa su tare masa iska.

Kwana uku na yi a tabarmar karɓar gaisuwa, kuma abin da na ji a wurin yana cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce sunan shago ba. Liman ya ce masallacin da Kawu ya gina musu aibinsa ɗaya ne, sanyinsa ya yi yawa, tsofaffi na gyangyaɗi tsakanin azahar da la'asar har sai an taɓa su. Wani mai sayar da kayan gini daga Gidan Amumune ya share hawaye ya ce shekara talatin marigayi yana zuwa rumfarsa yana shinshina masa kaya, bai fi sau uku ya saya ba, amma duk abin da ya yamutsa wa fuska shi ma ba ya kai shi gidansa. Sai wani dattijo makiyayi, cikin waɗanda iyayensu suka gangaro daga arewa suka zauna tare da mu, ya ce shi a tanti aka haife shi, kuma ya taɓa rantsuwa ba zai kwana tsakanin bango huɗu ba, don ji yake an shaƙe shi. Kawu ya gina masa ɗakin da ya sa shi yin kaffara. Aka yi dariya a wurin makoki, sannan aka shafa fatiha.

Ɗiyata ta fari ta zo daga Maijirgi, inda take aure, da cikinta wata takwas. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa da shi a gaban mutane, saboda haka da ta durƙusa ta gaishe ni na amsa ina kallon wani wuri. Amma kunnena na kan ƙirjinta. Shekara goma sha biyar ke nan duk inda ta zauna kusa da ni abin da nake saurare ke nan, ko numfashin na fita lafiya ko yana kuka kamar usur. Fuka gare ta tun tana ƙarama, kuma ba don Allah ba, ba don wannan tsoho da muka rufe ba, ban san ko da ta kai ga ɗaukar ciki ba. Akwai kuma aikin da ya fara a ɗakinta na aure saboda wannan numfashi, bai ƙarasa ba, ya bar mini, ni kuwa ina ta jan ƙafa.

Kawu gajere ne, baƙi, mai faɗin tafin hannu, da hanci wanda ba a wuce shi ba a lura ba. Bai taɓa jin haushin a tsokane shi da hancin ba. Cewa yake shi ne babban kayan aikinsa, dagi da tsani na biye. Iya, matarsa, takan ce ko da ya zo neman aurenta sai da ya shinshina zauren ubanta kafin ya zauna.

Ba ya ɗibar ƙasar gini a ko'ina. Inda aka taɓa yin juji, ko turken dabbobi, ko kusa da tsohuwar masai, ko kyauta ka ba shi ba ya so. Azara sai ta bushe sarai. Bangon waje ya shafe shi da makuba, na ciki da farar ƙasa, ba ya yarda da abin da zai rufe bango ruf ya hana shi shan raɓa da fitar da ita. Masu cewa ya ƙi zamani ba su san shi ba. Ya yi gini da siminti, ya yi rufi da kwano, sai dai yakan bar tazara a ƙarƙashin kwanon ya shimfiɗa zana, kuma ba ya bari a kwana a sabon ɗakin siminti sai warin danshi ya fita, ko da ango zai yi kuka.

Gwaji biyu gare shi da kowa ya san shi da su. In aka kawo masa baƙon abu, leda ce, ko tabarmar roba, ko katako mai sheƙi, sai ya yanki ɗan guntu ya sa a kwanon sha, ya rufe, ya ajiye a rana daga azahar zuwa la'asar. In ya buɗe ya ji wari, ya ce abin nan ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum. Na biyu kuwa sai ya gama ɗaki. Zai shiga ya ja ƙofa, ya zauna a tsakiya, ya kunna guntun kara ya hure wutar, ya zuba wa hayaƙin ido. In hayaƙin ya miƙe ya sami hanya ya fita, ya miƙa wa mai ɗaki ɗakinsa. In ya tsaya yana yawo a sama, sai ya ɗauko dagi. Kowane ɗakinsa yana da kafa biyu, ɗaya ƙasa-ƙasa ta inda iska ke shigowa, ɗaya can sama a bangon da ke kallonta.

"Ɗaki ma shina da hanci," haka yake cewa. "In ka toshe mishi, naka za shi toshe."

Ni dai na ƙi sana'ar taɓo. Na ga ba zan ƙare rayuwata da faso a ƙafa ba, na tafi Tasawa na koyi rubuta allunan shaguna. Yabon kai jahilci, amma hannuna na da kyau. Teloli, masu shayi, masu gyaran moto, da yawansu ni na rubuta musu suna a bakin titi. Da na yi aure na tashi gina ɗakina ban kira Kawu ba, don na san zai zo ya cika ni da shinshine-shinshine. Na yi bulo da siminti, na rufa da kwano, na sa taga ɗaya ta ƙarfe wadda ba a buɗe ta saboda ɓarayi. Bango na shafe shi da fentin mai shuɗi, har kana ganin inuwarka a ciki.

Sannan na yi abin da a lokacin na ɗauka basira ce. Wani kamfanin waya ya gama tallarsa, aka sassauke manyan tampol ɗin roba masu hoto da ake ratayawa a bakin kasuwa, na sami guda uku. Na buga su a ƙarƙashin kwanon suka zama rufin ciki. In ka kwanta rigingine sai ka ga wata mata mai fararen haƙora tana riƙe da waya tana yi maka murmushi. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, biyu har suka kwaikwaya. Gwangwanayen fenti da isans ɗin da nake tsinka shi da shi kuwa a ƙarƙashin gado nake ɓoye su, don rumfar aikina ba ta da ƙofa, sababbin alluna ma a ɗaki suke bushewa kada awaki su goge su. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wari ba haka yake ba, mai ɗaki shi ne na ƙarshen ji.

Ɗiyar tawa tana shekara biyar tari ya kama ta, ya ƙi tafiya. Da bazara ta shigo, rana ta riƙa dukan kwanon, sai abin ya zama fuka sosai, ka ga haƙarƙarinta na shiga na fita, leɓenta ya yi duhu. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙin saiwoyi wanda ya ƙara dagula ta, mun kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ba da magani da abin shaƙa, ya tambaya ko muna girki a ɗaki, na ce a'a, da gaskiyata. Uwarta ta lura cewa in sun je ƙauye yarinyar takan warware, in sun dawo kwana biyu ya yi yawa. Na ce ruwan ƙauye ne ya karɓe ta. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ƴar fari ce, sai in tsaya a waje ina goge burushi ina sauraren numfashinta ta bango. Uwar ba ta ƙara yi mini magana ba, ta aika wa mahaifiyata, mahaifiyata ta aika wa wanta.

Ina rumfa wani ya zo ya ce in je gida, wani tsoho na rushe mini ɗaki. Na tarar da matar nan mai waya a shimfiɗe a tsakar gida, an yage ta daga kunne zuwa haɓa, gwangwanayena a jere a rana, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Yarinyar na zaune a inuwar itacen bedi a waje. Kawu yana kan tsani, da dagi a hannu, ko sallamata bai amsa da kyau ba. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da har gobe ina jin kunyarta. Na ce zamaninsu ya wuce, shi bai san komai ba sai taɓo, kuma wannan ɗakina ne, ba nasa ba.

Ya sauko a hankali, ya dube ni.

"Ɗakinka na," ya ce. "Lumfashin kau nata na."

Ya yanki guntun tampol ɗin, ya sa a kwanon sha na matata, ya rufe ya ajiye a rana. Muka zauna muna jira har aka kira la'asar, sannan ya turo mini kwanon da ƙafa. Da na buɗe sai da idona ya kawo ruwa, maƙogwarona ya yi ɗaci. Ya ce to in lissafa, wannan guntu ne kamar tafin hannu, ni kuwa uku na shimfiɗa bisa kan ɗiyar mutane, ga na ƙarƙashin gado, ga taga a rufe. Ya juya wurin yarinyar, wadda yake kira amaryarsa irin wasan kaka da jika, ya ce ta tashi su tafi, mijin kirki ba ya barin matarsa a cikin gwangwani. Washegari ya sa ta a mota ita da uwarta zuwa ƙauye, shi ya tsaya.

Kwana shida ya yi a gidana. Biyun farko ban taimaka masa da ko tsinke ba, ina fita da safe in dawo in same shi yana kankare fentin bango shi kaɗai, tsoho da furfura. A rana ta uku kunya ta ishe ni na ɗauki abin kankara. Muka buɗe kafa biyu muka sa musu raga saboda sauro. Muka shafe bango da farar ƙasa, muka shimfiɗa zanar gamba a ƙarƙashin kwano, ya kafa mini ƴar rumfa mai ƙofa a bayan gida don kayan aikina. Ranar ƙarshe muka ja ƙofa muka zauna mu biyu, ya kunna karansa. Hayaƙin ya tashi, ya karkata, ya bi ta kafar sama ya fice. Na jira ya ce ai ya faɗa mini. Tambayata ya yi ko akwai mai fura kusa.

Fukar ba ta rabu da ita ba, majo ya ce ba ta cika rabuwa da mutum ba. Amma abin da yake tashi kowane mako ya koma sau ɗaya ko biyu a shekara. Ta yi karatun boko a lakwal, ta yi gudu da tsararrakinta, ta yi ƙiba har kakanta na cewa zai sake ta don ta fi ƙarfin rumbunsa. Majo da kansa ya zo ya ga ɗakin, daga baya da suka tashi yin allunan cikin ɗakunan marasa lafiya ni ya kira. Tun daga lokacin na raba aikina biyu. Allon da zai tsaya a titi ina yi masa fentin mai, a waje, ya bushe a waje. Wanda zai shiga inda mutane ke zama, aji ne ko shago ko ɗakin haihuwa, katako nake nema da fentin ruwa, kuma sai ya yi kwanaki a inuwa yana shan iska kafin in kai. Baƙaƙen da na rubuta a bangon azuzuwa da dama da jar ƙasa da gawayi da ƙaro na yi su, yadda Kawu ya nuna mini. Masu son sheƙi da gaggawa wasunsu sun koma wurin wani, ban riƙe su ba. Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban taɓa buɗe baki na ce Kawu ka yafe mini maganar ranar nan ba. Goro nake kai masa da yadin sallah, ina ganin ya gane, kuma wannan yana damuna yanzu.

Bara aka yi mata aure da wani yaron kirki a Maijirgi, manomin gyaɗa. Ya yi mata sabon ɗakin siminti, yaɓe sumul, da ƴar tagar gilashi. Da Kawu ya ji tana da ciki, a ƙarshen daminar nan, ya hau motar kasuwa, ya sauka ya hau amalanken jaki, bai gaya wa kowa ba. Kaka ba shi da shamaki, ya shiga har ƙuryar ɗaki yana zagin angon da cewa ɓarawon mata ne. Ya ja ƙofa ya kunna kara. Hayaƙin ya taru a sama ya ƙi tafiya. Ya ɗauki gawayi ya zana da'ira biyu a bango, don ƙarfin riƙe dagi ya riga ya bar shi. Surukina ya ce to, cikin ladabi, amma yana jin ciwon fasa sabon yaɓe, ya ce sai bayan girbi. Kawu ya biyo ta Tasawa ya ce mini lalle in ga an buɗe kafofin nan kafin sanyi, kafin ta haihu. Ni ma na ce to. Amma ina aka taɓa ganin uba ya ɗauki dagi ya tafi gidan ƴarsa ta fari yana fasa wa suruki bango? Na yi ta cewa gobe, har aka aiko Kawu na kwance.

Bayan sadakar uku Iya ta kira ni ɗakinta. Ta jawo wani abu a naɗe cikin buhu daga bayan gado ta ajiye a gabana, na ga dagin Kawu ne. Ta ce ya bar mini, kuma ya ce in na tsaya kunya ta ba ni labarin da bai taɓa yarda a ba kowa ba. Ta ce ɗakin farko da ya gina da hannunsa nasu ne, suna ango da amarya. Ya yi shi a toshe ko'ina, yana taƙama ko ƙwaro ba zai sami hanya ba. Ta haihu cikin tsananin sanyi, aka yi mata abin da ake yi wa mai jego, aka cika kasko da garwashi aka sa mata a ɗaki, aka ja ƙofa don kada iska ta shige ta. Ita da ƙyar aka fito da ita, kanta na sarawa, tana amai.

"Jinjirar ba ta tashi ba," in ji Iya. "Kwananta biyar. Ko suna ba a raɗa mata ba. Da munka dawo daga rufe ta, da dagin ga ya huda bangon, wuri biyu, bai ce ma kowa komi ba."

Na girma a gidan nan ina ɗauka babban ɗansu shi ne na fari. Na zauna ina kallon dagin, na tuna tsohon nan a kan tsani a gidana, da abin da na faɗa masa, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Kwana biyu bayan haka na sauka a Maijirgi da buhuna. A zaure na ga buhun gawayi da sabon kasko, uwar mijin ta riga ta yi tanadin jego. Na gaisa da uban surukina, na ce masa na san abin da na zo yi ba al'ada ba ce, roƙo na zo, kuma na ba su labarin Iya kamar yadda ta ba ni. Surukina ya tashi ya kwance buhun da kansa. Shi ya fasa ta sama, ni na fasa ta ƙasa, muka sa raga. Uwar mijin ta ce kaskon a waje zai zauna, in an ɗumama ɗaki a fitar da shi. Na kunna kara, hayaƙin ya yi jim kamar yana shawara, sannan ya miƙe ya fita. Da za a gyara bakin kafar na roƙa a bar sauran zanen gawayin yadda yake, kuma yana nan.

Ta sauka lafiya da sanyin fari, mace aka samu. Ranar suna Iya ta matsa sai an kai ta, ga takaba, ga tsufa, aka yi ta fama da ita har ta haƙura ta zauna. Da aka raɗa suna na kira wayar ɗanta na ce a kai mata. Ta tambayi lafiyar mai jego, ta tambaya ko kafofin na buɗe, na ce suna buɗe. Ta sa na faɗa mata sunan jaririyar sau biyu.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Wagga ta kai kwana bakwai."

Malamai sun gaya mana cewa bawan kirki in an rufe shi ana buɗe masa ƙofa a kabarinsa, iskar Aljanna na shigo masa. Ya Allah, ga wanda ya yi shekara sittin yana buɗe wa bayinKa hanyar iska. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka buɗe masa tasa. Kawu, ka yafe mini maganar ranar nan.